Yadda Na Sami Kawuna a Bakin Tukuba

Shekarun baya, ina shekarata ta biyu da zuwa karatu Alƙahira, mahaifiyata ta ɗora mini wani aiki da ban taɓa ba ku labarinsa ba. Ɗazu na tsaya sayen tsire a bakin titi, ƙamshin ya dawo mini da komai, na ce bari dai yau in rubuta.

Umma tana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya zo Masar karatu tun kafin a haife ni. Gidan kakana gidan mahauta ne, tsire suke yi a bakin kasuwa tun kaka da kakanni, shi ne na farko da aka ce a'a, wannan malami zai zama. Shekara huɗu yana aiko wasiƙa, daga nan shiru. Kakana ya rasu, kakata ta rasu da sunansa a bakinta, dangi suka haƙura. Umma ce kaɗai ta ƙi. Duk Juma'a sai ta yi masa sadakar waina, amma kada ka kuskura ka ce "marigayi" a gabanta.

Shekarata ta farko, gaskiya ban neme shi ba. Ina ta fama da Larabcin Misrawa da sanyin unguwarmu ta Hayyin Ashir, in ta tambaya in ce ana kan bincike. Da hutun zafi ya zo sai ta aiko wani ɗalibi da ya dawo daga gida da saƙo: tsohon hoton Kawu cikin jubba da jar hula mai farin naɗi, da kwalbar yaji. Yajin gidansu ne, wanda kakana ya koya wa 'ya'yansa, ƙuli-ƙuli da citta da masoro, da kimba da ake ɗan gasawa kafin a daka. Ta kira ni ta ce, "Wannan kwalbar ba taka ba ce, na san halinka. In ka same shi ka ba shi. In kuma kabari ka samu ka gaya mini, in san irin addu'ar da zan riƙa yi."

Maganar ta zauna mini a rai. Na fara tambaya da gaske, har aka kai ni wurin wani dattijon tela a unguwar Arba wa Nus, Bahaushen Sudan. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Na san shi. Dogo ne, ba ya son magana. Ya bar nan da daɗewa, ya yi Sa'id." Wato kudancin ƙasar. Ya ce Asyut ya fara ji, daga baya wani ya ce ya gan shi a Luksor.

Na roƙi abokina da muke ɗaki ɗaya ya raka ni. Ya dube ni ya ce, "Sa'id? A wannan zafin? Ma'alish, ustaz, Allah ya kiyaye hanya. In ka narke a aiko mana da hular." Haka na ɗauki jakata ni kaɗai na nufi tashar Ramsis.

Tafiyar jirgin ƙasan nan har yau ina jin daɗin tuna ta. Gini ya ƙare, gonaki suka fara, dabino da masara da rake, kogin Nilu ya ɓullo ya ɓace ya sake ɓullowa. Mai shayi yana kai da kawowa da tire a hannu ɗaya, jirgi yana girgiza amma ko ɗigo ba ya zuba. Wani tsoho da ke kusa da ni ya kwance ƙunshinsa, gurasa da cuku da dafaffen ƙwai, na ce alhamdu lillahi na ƙoshi, ya yi kamar bai ji ba ya ɗora mini a cinya. Na cinye tas.

To ga inda wautata take. Na riga na yanke a raina cewa mutumin da ya zo karatun addini, in yana raye, liman ne ko malamin makaranta. Saboda haka a Asyut na tsara aikina: da safe in sa jallabiyata da hula, in bi masallatai ɗaya bayan ɗaya, in nuna hoto. Ana idar da isha'i in koma masauki in kulle ƙofa, don ni a ganina ɗalibin ilimi ba ya yawon dare. Kwana biyu ina haka. Rana tana dukana, tituna wayam, shaguna rabi a rufe, a masallaci sai in tarar da ladan da tsofaffi uku suna gyangyaɗi ƙarƙashin fanka. Kowa ya karɓi hoton ya girgiza kai ya yi mini addu'a.

Na sake hawa jirgi zuwa Luksor, na maimaita wannan aikin kwana biyu cur. Ran na uku na dawo da la'asar jiƙe da gumi, mai masaukin, wani dattijo mai ƙaton rawani, ya tsayar da ni.

"Ya shaikh, wai wa kake nema da rana tsaka a garin nan?"

Na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, a wannan watan ko kyanwa ba ta fita da rana. Garin nan sai bayan isha'i yake tashi, kai kuma lokacin kake kulle kanka. Ka kwana huɗu kana neman mutum a garuruwan da ke barci. Yalla, je ka kwanta, in an yi isha'i ka fito."

Na fito, ina ta istigfari a zuci kamar wanda zai shiga wani mugun wuri. Jama'a, sai na ga wani gari daban. Bakin kogi cike da iyalai, uwa da uba da jarirai sun shimfiɗa tabarma suna cin abinci. Kekunan doki suna wucewa da ƙararrawa. Masu matse ruwan rake ba sa hutawa. A gidajen shayi maza sun fito da kujeru har tsakiyar titi, ana buga dumna, wato wasan domino, ana busa shisha, hayaniya kamar faɗa alhali raha ce. Har limamin da na gaisar da azahar na hango shi zaune da kofin shayi yana ƙyaƙyata dariya. Kunya ta kama ni ni kaɗai.

Na zauna a wani gidan shayi, hoton ya zaga hannu ya fi goma. Babu wanda ya gane fuskar, amma wani mai keken doki ya ce, "Mutanenku Aswan suke, wajen da motocin Sudan ke lodi. Su ne masu gasa nama da garin gyaɗa." Na yi masa godiya, a raina ina cewa wannan bai gane ba, ni malami nake nema. Amma ba ni da wata hanyar, kuma Umma ta kira sau biyu ban ɗauka ba don ba ni da abin gaya mata.

Washegari na shiga ƙaramar bas ta hanyar mota. Muka bi ta Isna da Idfu da Kom Ombo, gwiwata a haɗe da kejin tantabarun wata mata, kore a gefe ɗaya, duwatsu da rairayi a ɗaya gefen. A shingen 'yan sanda aka duba fasfona da takardar zama aka miƙo mini. Na isa Aswan da yamma, kuma wannan karon na yi hankali, na kwanta sai da aka yi isha'i.

Daren Aswan ya fi na Luksor sanyin rai. Jiragen ruwa masu fitilu suna yawo a kan kogi, kiɗan mutanen Nuba yana tasowa daga cikinsu. Na ci karo da ayarin biki a wani lungu, kafin in kauce wasu samari sun kama hannuna sun ja ni cikin layi. Ustaz guda da hularsa, ga ni ina taka ƙafa hagu da dama ina tafi. Ban yi minti biyar ba na sulale, amma ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi.

Ina tambaya ana nuna mini har na fito wajen tashar motocin Sudan. Tun kafin in ga komai hancina ya gaya mini. Ƙamshin ƙuli-ƙuli ne a kan wuta. Masu agashe ne, haka 'yan Sudan ke kiran tsire, su huɗu ko biyar a jere. Yunwa ce ta kai ni wurin na ƙarshe, wani dogon dattijo mai furfura da ya kewaye garwashinsa da tsinkaye a tsaye kamar tukubar gida. Na yi sallama da Larabci na ce a ba ni tsinke uku.

Bai ɗago ba. Ya yanko 'yar tsoka, ya dangwala a yaji, ya miƙo mini a bakin wuƙa.

Shekara biyu ina ƙasar nan, babu mai naman da ya taɓa ba ni ɗanɗano kafin ciniki. Na karɓa na sa a baki, sai na tsaya da tauna. Kimba ce, gasasshiya. Na san wannan ɗacin mai daɗi tun ina rarrafe.

Na ce da Hausa, "Baba, sannu da aiki. Daga ina?"

Ya ce, "Daga Sudan. Iyayenmu ne suka zo tun da." Yana ta juya tsinkaye, bai kalle ni ba.

Ban yi masa musu ba, ban ma ciro hoton ba. Na buɗe jaka na ajiye kwalbar a kan teburinsa. Ya dube ta, ya goge hannu a riga, ya buɗe ya kai hanci. Wallahi ina kallo ya lalubi benci ya zauna. Can ya ce, "Wa ya daka wannan?"

Na ce, "Ƙanwarka. Ni ɗanta ne, Kawu."

Ya riƙe hannuna, nama yana ƙonewa sai da maƙwabcinsa ya zo ya kwashe. Sannan ya tambayi kakana, na gaya masa. Ya tambayi kakata, na gaya masa. Ya sa gefen rawaninsa ya rufe fuska, ni ma na yi kukana.

A nan kan bencin ya ba ni labari a taƙaice. Jarrabawa ce ya faɗi, ya maimaita, ya sake faɗi, aka sallame shi. Ya ce ya zauna zai rubuta wasiƙa ya fi sau ashirin. "Duk unguwa sun raka ni tasha, ɗana. Baba yana gaya wa mutane ya fitar da ɗa ɗaya daga hayaƙi. In rubuta in ce me? Na ce bari in ɗan samu abin kaina tukuna. Shekara ta zama biyu, biyu ta zama goma, kunyar shirun ta zo ta fi kunyar faɗuwar." Ya yi aure a nan, yana da 'ya'ya uku.

Na ciro waya. Ya ce, "A'a, bari sai gobe." Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, goben nan ce ta kawo mu yau." Ban san inda na sami wannan ƙarfin halin ba, na danna kira na sa a kunnensa.

Ina jin muryar Umma tana cewa, "Kai, ina ka shiga ina ta kira?" Ya buɗe baki da ƙyar ya kira ta da sunan da ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba, sunan yarinta. Na matso kusa da wayar. Sai na ji ta ce, "Yaya? Yaya, ashe kana da rai ka bar ni ina rabon waina?"

Ya ce, "Ki yafe mini. Ban zama malamin ba. Tsire nake sayarwa."

Ta ce, "To mu da me aka ciyar da mu?"

Kwana biyar na yi a gidansa kafin in hau jirgi in koma Alƙahira. Bayan shekara ɗaya ya je gida, ya ziyarci kaburburan iyayensa, ya zauna wata biyu ya dawo wurin iyalinsa. Umma ba ta daina wainar Juma'a ba, ta ce yanzu ta godiya ce.

In na tuna tafiyar nan, dariyar kaina nake fara yi. Na sa wa mutum jubba a raina, na yi ta nemansa inda jubba take, shi kuwa yana can cikin hayaƙi inda na ɗauka bai kamata irina ya taka ba. Amma abin da ya fi zama mini shi ne maganarsa a kan bencin nan, yadda shiru na shekara ɗaya ya girma ya cinye masa uwa da uba. Abin yana ba ni tausayi har yanzu, yana kuma ba ni tsoro.

Don kuwa shekara biyu bayan haka ni ma na je duba sakamako na tarar na faɗi, sai na maimaita aji. Na dawo ɗaki na zauna da waya a hannu, zuciyata tana cewa bari sai an kwana biyu, bari in san yadda zan tsara maganar. Na gane muryar nan sarai. Kafin a kira magariba na danna lambar Umma na ce, "Umma, na faɗi jarrabawa."

Ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri. Yajinka ya ƙare ne, in daka maka wani?"