Hannun Jarin da Na Saya wa 'Yata

Ina zaune a benci a ƙofar shagon mai gyaran fanka a Jikwoyi, ina jiran ya gama ɗaure mini tawa, sai wayata ta yi ƙara. Mace ce, daga ofishin dillalan hannun jari da ke Wuse. Na gane muryarta. Ba Bahaushiya ba ce, amma ta daɗe a Abuja, tana jin Hausa irin ta kasuwa.

"Baba, ina kwana. Yarinya naka fa? Mun kira lamba nata, ba ya shiga. Banki ya biya riba, amma kuɗi ya dawo. Ka gaya mata ya zo ya sa hannu."

Na buɗe baki don in faɗa mata gaskiya. Abin da ya fito shi ne, "To, zan gaya mata."

"Ka gaishe ta. Ka ce ta manta da mu, ba kyau."

"Za ta ji," in ji ni.

A ranar 'yata tana da wata huɗu a kabari. Mai gyara ya miƙo mini fanka, na biya shi, na rungume ta na tafi gida a ƙafa, ko acaɓa ban tsayar ba.

Ni direba ne da ya yi ritaya. Na yi shekaru ina tuƙi a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, karatuna kuwa bai wuce allo da firamare ba. A zamanin da bankuna suke ta tallan hannun jari, kowa a ofishinmu yana saye, har masinja da mai shara. Wata rana ina tuƙa ogana, yana baya yana karanta jarida, sai ya ce, "Malam, ba kana da 'ya ba? Saya mata. Duk shekara in banki ya ci riba, za a ba ta nata kason."

Na saya. Kuɗin alawus ɗin tafiya da na daɗe ina tarawa na zuba gaba ɗaya a banki guda. Ban zaɓe shi don na san wani abu a kansa ba. Reshensa ne ke kusa da ƙofar ofishinmu, kuma maigadinsu yana gaishe ni. A fom na sa sunanta, tana aji biyar na firamare a lokacin. Wurin lambar waya na sa tawa, tunda ba ta da ita. Dalilin da ya sa suka iya samuna ke nan.

Ba a daɗe ba kasuwar ta faɗi. Ogana ya daina karanta wannan shafi na jarida da ƙarfi. Mai ɗakina ta ce, "Malam, da tunkiya ka saya mata, da yanzu ta haihu sau uku." Gaskiya ta faɗa. Na naɗe takardar a leda na sa a ƙasan akwatin ƙarfe, na manta da ita.

Sunan mahaifiyata na sa wa yarinyar, shi ya sa nake kiranta Uwata. Ta yi karatun lissafin kuɗi, ta samu aiki a wani kamfani a cikin gari. Ita ce ta tono takardar, tana neman takardar haihuwarta a akwatin. Ta fito tsakar gida tana ɗaga ta sama tana dariya.

"Baba! Ashe ni attajira ce kuka ɓoye mini?"

"Attajirar takarda. Tambayi babarki, ta ce tunkiya ta fi."

"Banki ɗaya tak, Baba? Duk kuɗin?"

"To guda nawa zan saya, Uwata? Ni minista ne?"

Ta zauna a gefen tabarmata. Ta ce, "Ka ga hanyar Nyanya? Ita kaɗai ce ke shigar da mu gari. In tirela ta faɗi a Kugbo, kowa ya tsaya, mai gaggawa da mara gaggawa. Haka ka yi wa kuɗinka. Hanya ɗaya ka ba shi."

A duk bayanin da aka taɓa yi mini kan wannan harka, wannan ne na fahimta.

Ita ta kai ni ofishin nan na Wuse. Ashe bankin bai mutu ba, kuma ribar shekarun da ban nema ba tana nan. Ba yawa, amma tana nan. Daga nan ta riƙa cire wani abu daga albashinta tana ƙarawa, ba a wuri ɗaya ba. Ta sayi na wani bankin, ta sayi na bankin da ba ya mu'amala da ruwa, ta sayi na kamfanin siminti, da na waya, da na fulawa. Ta ce ko me ya faru, mutane za su yi gini, za su yi waya, za su ci burodi.

Limaminmu ya taɓa ja mini kunne cewa ribar bankin da ke cin ruwa akwai magana a kanta. Na kawo mata maganar ina ɗari-ɗari, don na ɗauka za ta ce tsohon ra'ayi ne. Ba ta ce ba. Ta je ta yi nata tambayoyin, ta dawo ta ce duk abin da ya fito daga irin waɗannan bankuna ba za ta ci ba. In ya shigo, takan je asibiti ta biya wa wani magani. "Ba lada nake nema da shi ba, Baba," in ji ta. "Fitar da shi kawai nake yi." Daga baya ta sayar da na bankin na biyu. Na ce to ta haɗa da nawa na farkon, ta huta. Ta ce, "Wannan kai ka saya mini. Ba na sayarwa ba ne."

Sau ɗaya ta ja ni taron shekara na masu hannun jari, a wani babban otal. Na fi sau ɗari ina ajiye mota a harabar otal ɗin nan ina jiran oga, ban taɓa taka cikinsa ba. Ta sa na saka babbar rigata ta Juma'a. A ƙofa na ja baya, ta riƙo hannun rigar. "Shiga, Baba. Yau kai ma oga ne." Muka zauna can baya. Ban gane rabin Turancin da aka yi ba. Tsofaffi irina suna ta miƙewa suna faɗa da shugabannin banki a kan riba ta yi kaɗan, ita kuma tana fassara mini a kunne tana danne dariya. Da aka tashi aka ba kowa lema da abinci a kwali. Muka ci a tashar mota.

Zazzaɓi ne ya kama ta. Kwana shida ta yi a asibiti. Ta bar miji da yarinya 'yar shekara uku.

Bayan sadakar arba'in aka raba abin da ta bari, kayan ɗaki da sutura da abin da ke asusunta. Takardun hannun jarin suna wurina, don a akwatina ta ci gaba da ajiye su ko bayan ta yi aure. Ba wanda ya tambaya, ni kuma ban ambata ba. Ba kuɗin nake so ba, Allah shi ne shaida. A makabarta an san ta tafi, a wurin aikinta an ba wani kujerarta. Ofishin nan ne kaɗai ya rage da ake ganin tana raye, ana jiran ta shigo ta sa hannu. Na kasa zuwa in rufe wannan ƙofa.

Mako guda bayan wayar, mai ɗakina ta ajiye mini kunu da safe, ta ƙi tashi.

"Malam, me kake ɓoyewa? Tun ranar fankar nan ba ka gama abinci."

Na gaya mata duka, har da amsar da na ba matar. Ta ce, "Ni ma lambarta tana wayata, ban goge ba. Amma wannan daban ne. Haƙƙin marainiya ne a ciki. In ka faɗi gobe, wa ya san da shi?"

Ran Asabar surukina ya kawo mana jikarmu kamar yadda ya saba. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ce ya zauna, ya zauna a bakin tabarma. Na fito da ledar na ajiye a gabansa. Na fara bayani, ya ce, "Na sani, Baba. Ta gaya mini tun kafin aure."

"Ka sani, ba ka tambaya ba?"

"Na ce sai ranar da kuka shirya."

Na tashi na ce zan duba ko an kawo ruwa.

Ran Litinin muka tafi Wuse tare. Matar tana ganina ta washe baki, tana leƙa bayana. "Baba, ina ita?"

Na ce, "Allah ya yi mata rasuwa. Wata huɗu ke nan da 'yan kwanaki. Ranar da kika kira ni, ta riga ta rasu. Ki yafe mini, ban faɗa miki gaskiya ba."

Ta dafe baki da hannu. Ta zagayo daga bayan teburinta ta jawo mini kujera, ta aika a kawo ruwa. Ba ta yi maganar takarda ba sai da ni na tayar. Sannan ta yi mana bayani a hankali: sai mun kawo shaidar rasuwa daga asibiti, da takardar kotu da ke nuna wanda zai kula da gadon. In sun samu, za a iya sayarwa a raba, ko a mayar da sunan magada.

Tun a gida mun riga mun yi shawara, ni da mai ɗakina, cewa kasonmu mun bar wa jikarmu. Na faɗa a wurin. Surukina ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma nasa haka. Matar ta tambaya ko za a bar su a rarrabe yadda suke, ko za a sauya wani abu. Muka kalli juna ni da shi. Shi malamin makaranta ne, ni direba. Na ce a bar su yadda ta tsara, don ta fi mu sani.

Shaidar asibiti mun kai. Ta kotu mun cike fom, an ce mu jira a kira mu. Wata biyu ke nan ba a kira ba, kuma hannun jarin yana nan da sunanta.