Sanarwar da ban ji ba

Mun tashi daga Dogon Dutsi ana fitowa sallar asuba, ni da wani abokin aikina, za mu Geceme gaida Mushe, kamar yadda muke kiran malamin da ya koya mini karatu a lakwal, wato makarantar boko. Tun damina na ji an ce jikinsa ya yi nauyi, ina ta cewa sai an ba da hutu. A jakata akwai sabon rediyo da na saya masa.

Direbanmu bai tada mota ba sai da ya kamo tashar muhawarar siyasa. Mutum uku ke magana, kowa na gyara ƙasa, ba mai barin wani ya kai aya. Kafin mu kai Kore Mairuwa fasinjoji sun rabu gida biyu. Wata tsohuwa mai ƙwaryar kopto, wato kwaɗon ganye, a cinya ta ce, "Direba, don Allah maida muna ta gwamnati mu ji wa ya rasu."

Direban ya ce, "Haba Inna! Waccan ko mai rai ya saurare ta, kwana ka ɗaukar shi."

Aka yi dariya, har da ni. Na manta rabona da tashar.

Muka sauka daga gudron, wato kwalta, muka hau jar hanya. Kaka ta yi, dammunan hatsi na jiran rumbu. Inda muka tsaya shan fura ta yi tsada, nonon kuwa ya fi sanin rijiya da saniya.

Da hantsi muka isa. Tabarmin da na gani shimfiɗe a ƙofar gida su suka fara gaya mini. Kwanan Mushe shida a ƙasa.

Matarsa ta dube ni ta ce, "Ɗana, sai yau? Sau ukku anka hwaɗi ga rediyo."

Na ce, "Inna, ai yaran gidan nan na da lambata."

"Shi ya hana a buga waya. Ya ce a kai sanarwa rediyon gwamnati, ta isa. Wai 'yan lakwal nai duka za su ji, tunda shi ya koya musu saurare."

Bai yi ƙarya ba. Yakan shigo aji da rediyonsa, mu ji labarai shiru, sannan mu rubuta abin da muka ji. Wanda ya katse mai magana, rula ce rabonsa. Cikin duk waɗanda ya koyar, biyu kawai suka ji suka zo: wani mai gadi da wata unguwarzoma. Mu masu takardu muna can muna sauraron yadda za a ceci ƙasa.

Na ajiye mata rediyon, ko kwalin ba ta buɗe ba.

Da la'asar muka juyo. Muhawarar na nan inda muka bar ta. Ban ce a daina ta ba, ƙasa na bukatar masu gardama. Sai dai tafiyar nan ta nuna mini cewa na iya ji da amsawa, saurare ne na bari a ajin Mushe.

Da na shiga gida na murɗa rediyona zuwa tashar tsohuwar nan. Ana karanta sunayen mamata, gari bayan gari. Ban san ko ɗaya ba. Na zauna har aka gama.