Maman Iliya Mai Saƙa

A shekarar 1984 aka kawo ni Kaduna ina amarya. Maigidana Malam Sanda akawu ne a ma'aikatar gona, ya kama haya a wani gida a Unguwar Sarki. Gidan sashe biyu ne masu kallon juna, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, da wani tsohon mangwaro a tsakiya. A ɗaya sashen akwai Malam Irmiya, malamin firamare a Doka, da matarsa Laraba da 'ya'yansu biyu, Iliya da Rebecca.

Da 'yan rakiyata suka koma Zariya, ina zaune a bakin gado ina hawaye, sai wata gajeriyar mace ta ɗaga labule, hannunta riƙe da kwano.

"Amarya, gwaten acca ne," in ji ta. "In ba ki saba ba ki daure ki ci. Kukan ma sai da ƙarfi ake yin sa."

Tun daga ranar ba ta taɓa kiran sunana Safara'u ba. Har na haifi 'ya'ya huɗu Amarya take ce mini. Ni kuma Maman Iliya nake ce mata, kamar kowa a layinmu.

'Yar wani manomin citta ce daga kudancin Kaduna. Ba ta yi nisa a makaranta ba, amma a zumuntar matan cocin ƙauyensu matar fasto ta koya mata saƙa da ƙwarashi da kuma sanda biyu. Da aure ya kawo ta birni, saƙar ta zama sana'arta. Da zarar damina ta ɗauke za ta hau bas zuwa Babbar Kasuwa, ta dawo da buhun zaren ulu. Daga nan har sanyi ya wuce, ba ka ganin hannunta a sake. Tana gadin tukunya tana saƙa, tana yi wa Rebecca faɗa tana saƙa. Rabin yaran unguwarmu da suwaitarta suke zuwa makaranta, kuma daga nesa ake gane aikinta, don ba ta yarda ta yi wuya mai faɗi. Ta ce ta wuya sanyi ke shiga ƙirji.

Haihuwata ta fari a tsakiyar ɗari ta zo. Gwaggona da za ta zauna da ni rashin lafiya ya tsare ta, sai Maman Iliya ta karɓi aikin ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Kullum da sassafe ita ke hura itace ta dafa mini ruwan wankan jego, tana yi tana mita wai mu mutanen Zariya mun cika son ruwan da zai saɓule fata. Hular farko da safar farko da ɗana Lawan ya sa, ita ta saƙa su.

Malam Irmiya kuwa dogo ne, mai tsafta da son girma. Ko shagon bakin titi za shi sai ya goge takalmi. Magana ce abincinsa. Da yamma in ya dawo, shi da maigidana sukan baje allon daraf a gindin mangwaro, su yi ta gardamar siyasa da ƙwallo har a kira magariba.

Wata safiya a watan Janairu na 1991, ana wani irin sanyi mai sa yara kuka in an ambaci wanka, muka ji faɗuwar bokiti a banɗaki. Malam Irmiya ne ya yanke jiki ya faɗi. Maigidana da wani maƙwabci suka ɗauke shi suka sa a tsohuwar motarmu Fijo, Maman Iliya ta shiga baya ta ɗora kansa a cinyarta, ko ɗankwali babu. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Da aka sallamo shi bayan 'yan makonni, hannunsa na lilo, ƙafarsa sai an ja, bakinsa ya karkace. Abin da ya fi ci masa rai shi ne maganar. Yana jin komai, yana gane kowa, amma in ya buɗe baki sai wani gurnani ya fito.

Likita ya ba da umarni uku: a daina sa masa gishiri a abinci, a riƙa motsa hannun, a riƙa fito da shi yana takawa. Biyun farko Maman Iliya ta iya da su. Ta mayar da saƙarta bakin gadonsa. Takan rataya zaren ulu a wuyan hannayensa biyu tana naɗewa, ta ce, "Baban Iliya, riƙe da kyau, aikin mutane ne." In ta gama ta danƙa masa dunƙulen a hannun da ya mutu ta ce ya matsa. Amma fitowa waje, ya ƙi ƙememe. Mutumin da ba ya fita sai ya goge takalmi ba zai yarda a gan shi yawu na zuba ba. Da ta taɓo zancen, sai ya ja bargo har wuya, ya nuna taga da hannun hagu, wai sanyi. Malaman makarantarsu suka zo, ya juya wa bango fuska. Maigidana ya shiga masa da allon daraf, shi kuwa ya rufe ido.

Wata rana na same ta a bakin famfo, ruwa ya cika bokiti yana zuba ba ta sani ba.

"Maman Iliya, lafiya?"

"Amarya, ciwon bai ba ni tsoro kamar ɗakin nan ba. Mutum yana kwance yana kallon silin kamar mai jiran a kira shi."

"Ki bar shi sanyi ya wuce tukuna."

Ta kashe famfo. "To, bari ya wuce ɗin. Zan ga abin da zai fake da shi."

A Kaduna ba a sanar da tafiyar sanyi. Wata safiya dai za ka ga man kaɗanya ya yi laushi a kwalba, yara sun yi wanka ba a dafa ruwa ba. Furen mangwaronmu ya zube, 'ya'ya ƙanana suka fito kamar ƙwan zabi. Kafin azahar rufin kwano ya fara ƙara don zafi. A shekarar azumi ya kama a farkon bazarar, muna ta shirin gero da tsamiya.

Wata Asabar da hantsi Maman Iliya ta ɗaura zani a ƙirji ta shiga ɗakinsu. Kowace shekara in sanyi ya wuce takan fitar da kaya ta shanya, amma na bana ya fi na kullum. Ta cire kwalayen da ta toshe tagogi da su. Ta kwashe barguna ta jiƙa a baho. Rebecca ta fito da labule, da tabarmi, da akwatuna. Sannan ta kira maigidana.

"Baban Lawan, don Allah zo ka kama mini katifa."

Maigidana ya tsaya a bakin ƙofa. "Ai akwai mutum a kai."

"Shi ma rana zai sha. Tun Janairu yake a ninke."

Daga tsakar gida ina jin gurnanin Malam Irmiya, yana bugun gado da hannun hagu. Ita kuwa ko a jikinta. Ta kawo farar rigarsa da ta goge, ta sa masa, ta taje masa kai, ta durƙusa ta sa masa takalman da Rebecca ta goge tun safe. Sai ya daina bugun gadon, ya tsaya kallon takalman. Maigidana ya shiga ƙarƙashin kafaɗarsa ta dama, ita ta hagu, suka fito da shi yana jan ƙafa, har kujerar da aka ajiye a gindin mangwaro. Ya zauna ya ƙanƙance ido saboda haske. Duk igiyoyin gidan barguna ne ke ɗigar ruwa. Na gaishe shi kamar jiya muka rabu, na ci gaba da surfena, don ta riga ta gargaɗe ni kada in yi masa kallon tausayi.

Da rana ta kawo masa tuwo da miyar kuka. Ya kai loma ɗaya da hannun hagu, ya ɓata fuska. Ya dube ta, leɓɓansa na rawa, ya yi ta kokawa da harshensa.

"Gi… gishiri," in ji shi.

Maigidana ne ya fara fashewa da dariya. Rebecca ta saki tsintsiya ta yi tsalle. Maman Iliya ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe fuska da gefen zaninta, kafaɗunta na girgiza. Da ta ɗago, idanunta jawur, ta ce, "Na gode wa Allah. Amma ba za ka samu ba."

Shi ma sai ya yi dariya da rabin bakinsa.

Daga ranar kullum sai ya fito. Zafi ma ba ya barin kowa a ɗaki. Da la'asar maigidana, duk da azumi a bakinsa, yakan riƙe shi su taka daga mangwaro zuwa ƙofar gida, daga baya har bakin layi. Suka koma darafinsu, Malam Irmiya na tura 'ya'yan da hagu. Kalmomi suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, wasu a karkace, wasu ba su dawo ba har abada. Maman Iliya ta tattara sauran ulu ta ɗaure a buhu, ta koma sana'arta ta bazara, kunun zaƙi da zoɓo. Duk azumin nan ba mu sha ruwa ba tare da jug ɗin zoɓonta a kan tabarmarmu ba. Ranar Ista Malam Irmiya ya sa kwat aka kai shi coci a motarmu, maigidana ya jira su a waje a inuwar dalbejiya. Kafin ruwan farko ya sauka a ƙarshen Afrilu, yana zuwa shagon bakin titi shi kaɗai da sanda.

Bai koma aji ba, ritaya aka yi masa. Amma yaran layinmu sukan kawo masa aikin gida ya duba musu lissafi, kuma ya rayu har ya ga auren Iliya, ya ɗauki jika a hannun hagunsa. A 1998 aka yi wa maigidana canjin aiki zuwa Zariya. Ranar da za mu tashi, Maman Iliya ta hana ni kuka, ta ce in na fara ita ma ba za ta iya tsayawa ba, ga kaya ba a gama ɗaurewa ba.

Malam Irmiya ya rasu shekara biyu bayan tashinmu. Na je gaisuwa na kwana uku a ɗakinta. A zaman makokin wata mata ta ce mata ta sha wahalar jinya. Maman Iliya ta girgiza kai.

"Wahala ina? Ranar da ya faɗi na roƙi Allah ya bar mini shi ko na wata guda ne, in yi masa sallama. Sai ya ba ni shekara tara. Har faɗa mun ci gaba da yi."

Yanzu tana wurin Rebecca a Doka. Idanunta sun yi rauni, ba ta iya ƙananan ɗinki, sai manyan mayafai na jarirai. Duk lokacin da na shiga Kaduna nakan biya, mu zauna a baranda ta tambaye ni 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, da matansu, da wanda ya yi ƙiba da wanda ya rame.