Kaltume 'Yar Satiru Ta Ƙi Yafewa

Mutanen Danchadi sun san Kaltume da daddawa mai kyau da kuma rashin dariya. Abin da ba sa faɗa sai da murya ƙasa-ƙasa shi ne ita 'yar Satiru ce, garin nan da ya yi wa Nasara tawaye aka shafe shi.

Tana 'yar yarinya aka yi abin. Sojan Nasara suka iso da hantsi, da bindiga mai ruwa, mahayan sarakuna na biye da su. Mazan gari suka fita da gatura da fartanya, ba su komo ba. Uwarta Safinatu, matar maƙeri, ta ɗauki ƙaninta Ɗanliti, yana shan nono, ta faɗa rumbu ta jawo jinka ta rufe. Kaltume ta laɓe bayan danga. Daga nan ta ga wani mahayi bahago, mai wushirya, ya ɗaga jinkar, ya ga abin da ke ciki, ya mayar, ya cinna wuta. 'Yan'uwansa suna ƙwala masa kira, "Na'Allah, taho mu tai!"

Aka kora mata da yara Sakkwato kamar garke, aka rarraba su. Ita ta faɗo wani gida a Danchadi, a nan ta girma, ta auri manomin albasa, ta haifi ɗa guda, Sama'ila.

Goyon Sama'ila take yi ranar da ta kai daddawa kasuwar Shagari ta ga Na'Allah. Ya zama dillalin shanu, ya yi ƙiba, ga tasbaha a hannun hagu. Da ta gaya wa mijinta, sai ya toshe mata baki da tafinsa. Ya ce an la'anci Satiru, ko sunansa ba a son ji. Amma daga ranar ba ta sake kai daddawa wata kasuwa ba. Kowace ranar kasuwa tana can, tana kallon mutumin yana tsufa cikin girma.

Mijin ya rasu. Aka yi yaƙin duniya, aka ɗebi Sama'ila soja zuwa ƙasar Bama, ya dawo ya kafa keken ɗinki a Bodinga. Wata rana ta kai masa fura, ta tarar yana karanta wa abokansa jarida. Wai manyan ƙasashe sun kafa kotu a ƙasar Jamus, sun gurfanar da waɗanda suka yi wa Yahudawa kisan ƙare dangi, har an rataye wasu.

Ta ajiye ƙwarya. "Mi kac ce? Nasara na yi ma mai kashe mata da ɗiya shari'a?"

"Haka anka rubuta, Inna."

"In yac ce sa shi anka yi fa?"

"Sun faɗi haka. Ba a karɓa ba."

Da Di'o ya zo rangadi Bodinga, sai ga Kaltume cikin masu kawo kuka. Ta durƙusa, ta yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ta ce ta zo ƙarar waɗanda suka ƙone Satiru, da masu bindiga da mahaya, a kai su kotun nan ta Jamus. Tafintan Di'o ya sha wuya kafin ya juya maganar. Baturen, saurayi ne, ya ce lokacin ko haifarsa ba a yi ba, kuma waccan kotu ta wancan yaƙi ce kaɗai.

Tafintan ya raka ta waje, ya ce, "Iya, ki bar wagga magana. Waɗanda anka ci da yaƙi su aka yi ma shari'a. Wa zai kama wanda yac ci?"

Ta gane. Ba ta sake zuwa gaban kowa ba. Ranar kasuwar Shagari ta ɗauke faifanta daga layin mata ta dasa a bakin kara, daura da inda Na'Allah ke zama. Duk lokacin da ya kama hannun mai saye zai sa albarka, sai ta ɗaga murya kamar mai talla: "Safinatu matar maƙeri! Ɗanliti na goye! Cikin rumbu!"

Da fari aka ce ta zautu. Amma akwai tsofaffi a karar da suka san abin da take nufi, suka gaya wa na baya. Fulani suka fara zagaye shi su kai shanunsu wajen wani. A masallaci aka bar matsa masa wuri a sahun gaba. Dogari ya kore ta, ta dawo. Sama'ila ya roƙe ta ta bari don mutuncinsu, ta ce, "Kai ka tai Bama yaƙin wasu. Wanga nawa na."

Na'Allah ya bar zuwa kasuwa. Da damina ciwo ya kwantar da shi, ya aiko babban ɗansa, Kabiru, har Danchadi, yana neman ta zo. Ta sa zanenta mafi kyau ta tafi.

Ta same shi a zaure, ya rame, liman na gefensa. Ya ce, "Kaltume, umurni anka ba mu. Ƙuruciya kuma. Ki yahe mini don Allah."

"Ka ɗaga jinka?"

"Na ɗaga."

"Ka gane su?"

Ya rufe ido. "Na gani."

Liman ya fara yi mata nasiha a kan falalar afuwa. Ta saurare shi har ya gama, don ba ta raina malamai. Sannan ta sunkuya kusa da kunnen mara lafiyan.

"Ban yahe ba. Ko na so, ba ni da ikon yahe ma Inna da Ɗanliti nasu. Ka tai, suna can suna jiranka. Ni ma ina tahe."

Kafin kaka ya mutu. Kaltume ba ta je gaisuwa ba. Ta ƙara 'yan shekaru tana daddawarta, ta rasu Nasara na shirin barin ƙasa. Har yau jikokinta ba sa auren gidan Na'Allah.