Gareji a Garin Kwali

Mai Gari muke kiransa, alhali ko akuya bai taɓa mulka ba. Garin nasa na kwali ne, yana shimfiɗe a kan wani tsohon ƙyaure da ya ɗora bisa tebur a tsakiyar falonsa. Ni ne mai askinsa, tun yana zuwa shagona da ƙafarsa har ta kai sai na bi shi gida, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

A gidan buga littattafai ya ƙare ƙuruciyarsa, a kan injin yankan takarda. Guntayen da ake zubarwa yake kwasowa gida. Da reza da rula da gam ya gina layinmu kaf: shagon mai magani da allonsa, benen nan mai tsagaggen bango, har da kwatar da ke bayan makaranta. Turakun lantarki tsinken ashana ne, wayoyinsu baƙin zaren ɗinki. In ka ga yadda yake lallaɓa rufin kwali da bakin ɗan yatsa sai ka rantse ba a yi mai tausayi irinsa ba. Tausayin a kan takarda ya tsaya. Matarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kunna fanka a falon nan ba, don iska tana ɗaga rufin gidaje.

Duk wanda ya ɓata masa rai, sai ya cire gidansa daga garin. Ranar da na ɗan yanke shi a bayan kunne, da na koma na tarar an yi bola a inda shagona yake. Dariya muke yi, amma kowa ya shiga gaishe shi sai ya saci kallo ya ga ko gidansa na nan.

'Ya'yansa biyu. Namijin tun yana rarrafe ake kiransa Injiniya, yana can wani gari mai nisa, waya ma sai ya ga dama. Babbar kuwa mace ce, tela. Da aurenta ya mutu ta dawo gida, ta kafa kekenta a ɗakin da ke kallon titi. Ta tagar ɗakin nan mata ke miƙo mata ɗinki, da ɗinkin nan ake ɗora tukunya a gidan. Mu Anti Tela muke ce mata. Ubanta kuwa "ke" yake ce mata, kamar bai san ranar da aka raɗa mata suna ba.

Da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ita ce wanka, ita ce juya shi a gado, ita ce kai masa cokali baki. Ita ce kuma ta zama hannunsa a garin kwali. Yana kan kujera yana ba da umarni da karkataccen baki, tana yanka.

"Ke, wannan layi ne ko tafiyar mashayi?"

"Baba, rular na bi."

"To rular ce ta bugu kenan. Injiniya da ido a rufe zai yanka wannan."

Injiniyan da bai taɓa riƙe rezar nan ba. Matar da ke yanka yadin amare ba gargada, a gaban ubanta miƙaƙƙen layi ɗaya gagararta yake. Ban taɓa jin ya ce mata sannu ba, ni da nake shiga gidan duk mako.

Wata safiya na je aski na tarar da shi fuska a sake. Injiniya ya bugo waya, zai dawo gida da iyalinsa da motarsa. Na ɗaura masa ƙyalle a wuya, na fara shafa kumfa, sai ya ƙwala mata kira.

"Ke, ɗauko gidanmu."

Ta ɗago gidan daga cikin garin a tafin hannu, ta ajiye a gabansa. Rufinsa ana ɗagawa, komai na ciki yana nan: gadonsa, kujerun falo, har da ɗan teburin da garin ke kai.

"Motar Injiniya ba za ta kwana a titi ba," ya ce. "Magina za su zo, ina so su ga yadda za a yi. Yanke bangon nan na gaba, daga nan zuwa nan. Ƙofar gareji."

Ta duba inda yake nunawa da hannun hagu. Ta sake dubawa.

"Baba, ai ɗakina ne."

"Na ce miki na wani ne?"

"To ni ina zan koma? Ɗinkin fa?"

"Ga ɗakin ajiya can baya. Mai son ɗinki ya zagaya."

Ɗakin ajiyar ba taga, kuma babu matar da za ta ratsa falon Mai Gari ta kai awo. Ya sani, ta sani, ni ma da ke tsaye da aska a kan maƙogwaronsa na sani. Raina ya ɓaci har sai da na janye hannuna. Na ce, "Haba Mai Gari, a duba dai."

"Kai, gemu aka kira ka ka gyara."

Ta ɗauki rezar. Ta ɗora rula a kan bangon, ta ja sau ɗaya, tagar da bangon suka faɗo tare. A cikin ɗakin akwai ɗan keken ɗinki, bai kai ƙwayar wake ba, wanda ita ta yi da hannunta ta saka. Ta ciro shi da tsinke, ta riƙe.

"Wannan fa, Baba?"

"Zai tare wa mota hanya."

Ta rasa inda za ta ajiye shi, sai ta jefa a aljihun rigarta. Shi kuwa ya sa aka matso masa da gidan daf da ido. Ya bi bakin yankan da ɗan yatsa, sama da ƙasa, yana neman aibi. Ya daɗe yana nema. Can ya gyaɗa kai.

"Ashe kin iya," ya ce. "Wannan yanka ya yi kyau. Ko ni sai haka."

Na ɗauka kuka za ta yi, ko ta watsa masa garin a fuska. Da ma hakan ta yi, da na samu sauƙi. Sai na ga fuskarta ta washe kamar yarinyar da ta zo ta ɗaya a aji. Mace mai furfura a goshi ta durƙusa har ƙasa.

"Na gode, Baba," ta ce.

Da magina suka zo, ita ta ɗauko gidan ta nuna musu inda za su fasa.