Tumatir a Ɗakin Auta

Mai Lambu bai iya gaisuwa ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Zai wuce ka a bakin ƙofa ko kallo babu, ya je ya durƙusa gaban kabewa yana duba yadda ta laluba ta kama igiya. Matarsa takan ce da a ce ganye aka halicce ta, da ta ji daɗin aure.

Ƙanwarsa tela ce, Auta ake ce mata har ta yi furfura. Shekarar da ɗanta tilo ya rasu, ta lulluɓe keken ɗinki, ta saki labule, ta daina fita. Abinci yadda aka ajiye haka ake ɗaukewa. Masu zuwa ba ta haƙuri suna ta raɗa-raɗa, ita kuwa sai ramewa take.

Rannan sai ga Mai Lambu ya banko ƙofa, riƙe da tsiron tumatir a gwangwani.

"Dodon-koɗi, an taɓa ki kin shige ciki ko? Ajiye min wannan, wurina ya cika."

"Yaya, fitar min da ciyawarka."

"In ya mutu, ke kika kashe shi." Ya dire gwangwanin ya fice, ko zama bai yi ba.

Don kada ya sami bakin magana, ta riƙa zuba masa ragowar ruwan kofinta. Tsiron ya yi fari, ya zama siriri, ya karkata wajen 'yar ɓular da ke jikin labule. Ta sa ƙafa ta juya gwangwanin. Washegari ya sake sunkuyo da kai wajen hasken. Abin ya ba ta haushi: ba ido, ba kunne, amma ya san inda rana take. Ta ɗage labule. Da ya ƙara tsawo ta kai shi bakin ƙofa, daga nan sai tsakar gida. Kaji suka yo kansa, dole ta zauna gadi. Zaman banza ya ishe ta, ta ce a miƙo mata allura da zare.

Da Mai Lambu ya leƙo, shukar ya duba, ba ita ba.

"Kin cika masa ruwa," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Auta ta ƙara shekaru masu yawa a kan kekenta, ta ɗinka wa jikokin yayan nata riguna. Ta san wanda ya fito da ita.

Da tsufa ya kwantar da shi, akuyarsa in ta ji tarinsa daga ɗaki sai ta kama kuka tana jan igiya. Auta ta zauna a gefen gado, ta fara haɗa kalmomin godiya. Ya katse ta.

"Bar surutu. Ku ɗage labulen nan, ku juya min gadon ya kalli taga. Kabewar can kuma tana ta lalube a iska, wani ya je ya ɗaura mata igiya."