Gurbin da Ya Bari a Ƙofar Sito

A shekarun da kuɗin mai ya fara ruɗa mutane, ina aiki a wata gonar gwajin gyaɗa tsakanin Kazaure da Roni. Irin da zai jure fari da cuta muke nema, gyaɗar kuwa sai mutuwa take yi a hannunmu.

In mun idar da azahar, mukan huta da wasan cike gurbi. Da alli ake zana gidajen a ƙofar sito, wasu kalmomin a kwance, wasu a tsaye, tambayoyin a gefe. Duk a kan aikinmu suke: taki, ƙwari, cututtukan ganye, sinadaran ƙasa. Ƙa'idarmu ɗaya ce, wanda ya cike kalmar ƙarshe shi zai zana na gobe. Kokawa ake yi a kanta kamar yara.

Sai mutane suka fara zamewa. Wannan ya sami kwangila a Kano, wancan ya tafi Ikko. Wa zai zauna yana gadin gyaɗa? Aka bar ni da masanin ƙwarinmu, wani mutumin Babura mai shegen gardama. An riga an gaya mana in shi ma ya tafi za a rufe gonar, kuma wallahi tsoron hakan ya hana ni sukuni.

Wata rana ni na zana. Muka yi ta cikewa har ya rage guda: ƙwaron da ke tsotsar gyaɗa ya bar mata cuta. Darɓa ke nan. Masanin namu kuwa mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana leƙen darɓa a ƙarƙashin ganye.

Ya tsaya da allin a hannu, ya ƙi rubutawa.

Na ce, "Haba Malam, ko tsufa ne? Wannan ai ko a barci ka san ta."

Ya ce, "Na sani."

"To rubuta mana."

Ya kama hannuna ya sa mini allin. "In na rubuta, na gobe ya hau kaina. Ba na son in ɗauki abin da ba zan sauke ba."

Washegari shi ma ya tattara kayansa ya bar gonar, don haushi ko rakiya ban yi masa ba. Ni ma ban cike kalmar ba, don in na zana na gobe, wa zan zana wa? Da damina ta sauka, ruwa ya wanke ƙofar. Lokacin an riga an sa mata kwaɗo.